Post-metal marar waƙa: tambayoyi da amsoshi ga masu son kiɗa mai nauyi

Tambayoyin nan suna yawan maimaituwa a tsakanin matasan Hausawa mazauna Jidda da Makka da Riyad waɗanda kunnensu ya saba da kiɗan metal, wato kiɗan jitar lantarki mai nauyi da ƙara, sannan suka ci karo da wani reshensa da ba a rera komai a ciki. Akasarinsu na masu sauraro ne, wasu na masu koyon jita, akwai kuma ta iyaye. Kowace amsa ta wadatar da kanta, amma an yi nuni zuwa wata amsar a duk inda bayani ya haɗu.

Mene ne post-metal, kuma dole ne ya zama babu waƙa a cikinsa?

Post-metal reshe ne na metal wanda ya riƙe kayan kiɗan gidan, wato jitar lantarki mai kaushin sauti da jitar bes da ganguna, amma ya ajiye tsarin da aka saba na baiti da amshi da komawa kan baiti. Maimakon haka, kiɗa guda yakan ɗauki minti bakwai ko goma ko fiye, ya fara a hankali, ana ɗora sauti a kan sauti, har ya kai inda kayan kiɗan gaba ɗaya za su faɗo da cikakken ƙarfinsu.

Ba dole ne ya rasa waƙa ba. Manyan ƙungiyoyin da suka kafa salon, irin su Neurosis da Isis da Cult of Luna, duk suna da mawaƙa, sai dai muryar takan zo jefi-jefi, a nutse cikin kiɗan, ba ita ke jan ragama ba. Daga baya wasu suka ga cewa tunda muryar ta riga ta koma gefe, cire ta ɗungurungum ba zai rage komai ba. Waɗannan ne ake magana a kansu a nan.

Daga ina salon ya samo asali?

Tushen nauyin yana komawa ne ga Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970. Makaɗin jitarta, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wani hatsarin masana'anta tun yana saurayi, kuma hakan na cikin abin da ya sa daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don su yi masa sauƙin dannawa. Sassautawar ta sa sautin ya yi ƙasa, ya yi kauri, kuma duk wani kiɗan metal mai tafiya a hankali daga wannan rijiyar yake sha.

Post-metal kansa ya fara bayyana ne a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. Godflesh, ita ma daga Birmingham, ta haɗa jita mai nauyi da injin ganga a faifanta Streetcleaner na 1989. Neurosis ta Oakland a jihar Kalifoniya, wadda aka kafa a 1985 tana kiɗa mai sauri irin na hardcore, ta riƙa rage gudu tana tsawaita kiɗa har ta fitar da Through Silver in Blood a 1996. Sai Isis ta Boston, wadda aka kafa a 1997, ta zo da Oceanic a 2002 da Panopticon a 2004, faifai biyun da suka zama ma'aunin da ake gwada na baya da su. Jagoranta, Aaron Turner, shi ne kuma ya kafa kamfanin faifai na Hydra Head, wanda ya fitar da ayyukan ƙungiyoyi da dama masu wannan salo.

Su wa suka cire muryar gaba ɗaya?

Birnin Chicago ne ya fi taka rawa a nan. Pelican, ƙungiyar mutum huɗu mai jita biyu, ta fitar da Australasia a 2003 a ƙarƙashin Hydra Head, ta bi shi da The Fire in Our Throats Will Beckon the Thaw a 2005. A 2004 aka kafa Russian Circles a birnin, mutum uku kacal, suka fara da Enter a 2006, suka ci gaba da Station a 2008 da Geneva a 2009 da Empros a 2011, har zuwa Gnosis a 2022. A Los Angeles kuwa akwai Red Sparowes, wadda wasu 'yan Isis suna cikin waɗanda suka fara ta.

Turai ma ba a bar ta a baya ba. Akwai Year of No Light daga Bordeaux a Faransa, wadda ta fara da mawaƙi sannan ta koma kiɗa zalla a faifanta Ausserwelt na 2010, da Long Distance Calling daga Münster a Jamus, da Toundra daga Madrid. Ko waɗannan ɗin ma sukan gayyato murya sau ɗaya a wani faifai: Pelican ta rufe faifanta na 2009 da kiɗa mai waƙa, Russian Circles kuma ta kira mawaƙiya Chelsea Wolfe a kiɗan ƙarshe na Memorial a 2013. Saboda haka kada mai sauraro ya yi mamaki idan ya ji murya ta ɓullo bayan rabin sa'a na kiɗa tsantsa.

Me ya raba shi da post-rock?

'Yan uwan juna ne, kuma iyakar da ke tsakaninsu ba ta da katanga. Post-rock, sunan da marubucin kiɗa Simon Reynolds ya yaɗa a 1994, shi ne gidan Mogwai ta Glasgow da Godspeed You! Black Emperor ta Montreal da Explosions in the Sky ta Texas. Su ma suna gina kiɗa mai tsawo daga sanyi zuwa zafi. Bambancin yana inda ginin ya dosa. A post-rock ƙololuwar kiɗa takan zama sauti mai haske, jita tana rawar ɗari can sama. A post-metal ƙololuwar ƙasa take faɗowa, a kan rif mai kauri, wato gajeren zubin jita da ake maimaitawa, wanda bes da babbar ganga suke taka shi tare. Wanda ya saurari kiɗa ya ji kansa na son kaɗawa gaba da baya a minti na shida, to yana ɓangaren metal.

To me mai son metal yake samu a kiɗan da babu ihu, babu gudu, babu bajintar jita?

Wannan ce uwar tambayoyin. Idan aka tambayi masu son metal abin da ya fara kama su, kaɗan ne za su ce kalmomi, musamman a reshen da ake kurma ihu har ma wanda Ingilishi ne harshen uwarsa ba ya gane abin da ake faɗa. Abin da ya kama su shi ne rif, wato gajeren zubin jita da ake maimaitawa, da nauyin da yake dukan ƙirji. Post-metal marar waƙa ya ɗauki wannan abu guda ya mai da shi dukan sana'ar. Babu mawaƙin da za a rage sautin jita domin a ji shi, babu amshin da za a yi gaggawar komawa gare shi, don haka rif yana samun filin da zai zauna, a juya shi, a canza masa ganga a ƙarƙashi, a sauke shi ƙasa, a dawo da shi da ninkin ƙarfinsa.

Abu na biyu shi ne yadda salon yake sarrafa nauyi. Kunnen ɗan Adam yana sabawa da ƙara cikin ɗan lokaci. Faifan da ya fara da cikakken ƙarfi kuma ya zauna a haka har ƙarshe, bayan kiɗa na uku sai ƙarfin ya daina jin ƙarfi, domin babu abin da za a auna shi da shi. Masu post-metal sun gane haka, shi ya sa suke jinkirta bugun. Za su bar ka minti huɗu da jita mai tsabta da ganga mai tafiya a natse, ka san abu na tafe amma ba ka san daƙiƙar da zai iso ba, kuma idan ya iso, rif ɗin da a wani faifan zai wuce ba a lura da shi ba sai ya zama kamar shi ne mafi nauyin abin da ka taɓa ji. A ganina wannan ne babban abin da salon ya ƙara wa metal, kuma shi ne dalilin da ya sa mutanen da suka yi shekaru suna jin thrash da death metal, rassan metal masu sauri, suke komawa gare shi idan kunnensu ya fara ƙoshi da gudu.

Akwai kuma dalili na uku da ba a cika faɗa ba. Mutum yana girma, aiki yana ƙaruwa, kuma kiɗan da ba ya cusa kalmomi a kai yana tafiya da tuƙi mai nisa ko aikin hannu ko zaman dare a shago. Direban da ke bin hanyar Jidda zuwa Madina, fiye da kilomita 400 na kwalta miƙaƙƙiya, yana da lokacin da faifai guda zai buɗe masa daga farko har ƙarshe ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba.

Ai Metallica ma tana da kiɗa marar waƙa. Mene ne sabo a nan?

Gaskiya ne, kuma mai son "The Call of Ktulu" na 1984 ko "Orion" na 1986 ya riga ya taka rabin hanya, domin dukansu sun haura minti takwas kuma suna sauya yanayi a tsakiya. Sai dai a wancan zamanin irin wannan kiɗa hutu ne guda ɗaya a cikin faifan waƙoƙi, alhali a nan shi ne faifan baki ɗaya.

Ya kuma bambanta da ɗayan reshen metal marar waƙa, na gwanayen jita irin su Joe Satriani da Steve Vai, ko na baya-bayan nan kamar Animals as Leaders, ƙungiyar Tosin Abasi, Ba'amurke ɗan asalin Najeriya mai kaɗa jita mai tsirkiya takwas. A wurinsu jita ce ta maye gurbin mawaƙi, ita ke gaba, kuma saurin yatsa na cikin abin da ake zuwa ji. A post-metal babu wanda ya maye gurbin mawaƙin. Kujerarsa a buɗe aka bar ta, kuma da wuya ka ji wani makaɗi ya fito shi kaɗai yana nuna gwaninta.

Ta yaya suke samun wannan kaurin sauti?

Mataki na farko shi ne sassauta tsirkiya, kamar yadda aka ambata a amsar asalin salon. Jitar yau da kullum tsirkiyarta mafi kauri tana kan sautin E, su kuwa sukan sauke ta zuwa D ko C ko B, su sa tsirkiyoyi masu kauri don kada su yi lakwas. Na biyu shi ne amfilifaya mai kwalba, wato na'urar ƙara sautin jita, da ake buɗe wa wuta har sautin ya fara karyewa. Na uku kuma su ne fedoji, ƙananan akwatunan da makaɗi yake jerawa a gabansa yana taka su da ƙafa: wata tana ƙara kaushi, wata tana maimaita sauti kamar amsa-kuwwa, wata tana sa a ji kamar a cikin katafaren ɗaki ake kaɗawa.

Russian Circles misali ne mai kyau na yadda mutum uku suke cika fili. Mike Sullivan yakan kaɗa wani zubi, ya taka fedar naɗi ta riƙe shi tana maimaitawa, ya ɗora na biyu a kai, sannan ya kaɗa na uku da hannunsa, duk a gaban jama'a. Brian Cook yana riƙe da bes, a lokaci guda yana taka wani allon sauti na ƙafa mai fitar da amo mai zurfi. Wahalar tana kan mai ganga, Dave Turncrantz, domin naɗaɗɗen sauti ba ya jiran kowa: idan ganga ta yi gaba ko ta yi baya da ƙiftawar ido, ginin duka ya karkace, kuma babu murya a sama da za ta rufe kuskuren.

Idan babu kalmomi, ta yaya ake sanin abin da kiɗan yake nufi?

Wani lokacin sunayen kiɗan ne suke ɗauke da labarin. Red Sparowes ta yi suna wajen sa wa kowane kiɗa jimla mai tsawo a matsayin suna, ta yadda idan aka karanta sunayen a jere sai su zama labari guda. Faifansu na 2006 an gina shi ne a kan yaƙin da gwamnatin Mao ta ƙaddamar da tsuntsaye a ƙasar Sin a 1958, bisa zargin suna cinye hatsi, abin da ya bar ƙwari suka yawaita kuma ya taimaka wajen jawo yunwa mai tsanani. Year of No Light kuwa ta tsara kiɗa domin rakiyar wani tsohon fim, Vampyr na 1932.

Wani lokacin kuma sunan ba ya nufin komai mai zurfi. "Mlàdek" na Russian Circles sunan direban da ke tuƙa su ne idan suna rangadi a Turai, sunan ƙungiyar kanta kuma daga wani atisayen wasan hoki na ƙanƙara aka ɗauko shi. Mai sauraro yana da 'yancin ya ji abin da ya ji, kuma ba a ce wanda ya ji baƙin ciki ya fi wanda ya ji natsuwa fahimta ba.

Kunnen Bahaushe ya saba da waƙa. Zai iya karɓar kiɗa zalla?

Tambayar tana da tushe, domin a wurinmu makaɗi da mawaƙi kusan abu ɗaya ne, kuma ana auna gwani ne da azancinsa da kirarinsa da yadda 'yan amshi suke karɓa. Wanda ya tashi da wannan, in ya ji minti uku sun wuce ba a buɗe baki ba, zai ɗauka har yanzu shimfiɗa ake yi. Amma mun san wani abu dabam kuma. A filin dambe, kafin a ce uffan, kalangu yana buga taken ɗan dambe yana maimaitawa, yana ƙara matsawa, har tsuma ta kama shi ya miƙe jikinsa na ɓari. Maimaici da ƙarin matsi ne suka tayar da shi, kuma da waɗannan biyun post-metal yake aiki. Bambancin kawai shi ne take yana da kalmomi a ɓoye waɗanda masu fili suka sani, rif kuwa ba shi da su.

Ga matashin da ya tashi a nan kuma akwai wata riba. Hausa a gida, Larabci a makaranta da kasuwa, Ingilishi gwargwadon hali. Kiɗan da ba ya neman harshe ya ɗauke masa wahalar bin fassarar baitoci a waya.

Tunda babu waƙa, shin ya fita daga saɓanin malamai a kan kiɗa?

A'a, kuma bai kamata a yaudari kai ba. Cire murya yana kawar da matsala ɗaya, wato ta kalmomin batsa ko saɓo ko zagin addini waɗanda ake samu a wasu rassan metal. Amma saɓanin malamai tun asali ya fi ƙarfi ne a kan kayan kiɗan kansu. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa, ban da duffu a lokutan biki, suna kafa hujja da hadisin ma'azif (kayan kiɗa) da ke cikin Sahihul Bukhari, yayin da wasu, irin su Ibn Hazm na Andalus, suka ga halaccinsu. Ke nan kiɗan jita da ganga zalla yana tsakiyar mas'alar ne, bai kauce mata ba. Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa.

Ɗana yana sauraron wannan kiɗa, na kuma ga sunan Isis a wayarsa. In damu?

Hajiya, a kan sunan dai ki kwantar da hankalinki. Isis ƙungiyar makaɗa ce ta Amurka da aka kafa a 1997 ta kuma watse a 2010, shekaru kafin ƙungiyar 'yan ta'addan da ake kira Da'ish ta yi suna. Ruɗanin ya dami makaɗan su kansu, har suka gyara sunan shafinsu na Facebook a 2014, kuma da suka sake haɗuwa don wasa guda a 2018 sai suka yi amfani da sunan Celestial. Abin da ya kamata ki sani shi ne sunan ya yi daidai da na wata abar bauta ta tsoffin Misirawa, idan wannan zai dame ki.

Hotunan ƙoƙon kai da alamomin shaiɗanci da ake dangantawa da metal sun fi yawa a wasu rassan, musamman black metal. Bangon faifan post-metal galibi teku ne ko dutse ko gini ko hoton ƙasa daga sama. Abubuwan da suka cancanci kulawarki su ne lokacin salla da karatu da lafiyar kunnensa, wadda aka yi bayaninta a amsar da ta shafi yadda ake saurare. Mas'alar halacci kuma tana amsar da ta gabata.

Da wanne zan fara?

Ya danganta da inda ka fito. Mai son thrash da ganga mai motsi ya fara da Station na Russian Circles, musamman "Harper Lewis", wanda ganga ce take buɗe shi kafin sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya. Mai son Black Sabbath da doom, reshen metal mai tafiya a hankali, ya nufi Australasia na Pelican. Wanda ya fito daga black metal zai fi jin daɗin Empros ko Ausserwelt, inda sautin ya fi duhu da cunkoso. Wanda kuma yake son abu mai taushi kafin ya shiga mai nauyi, If These Trees Could Talk ta Akron a jihar Ohio ƙofa ce mai sauƙi. Shawarata ita ce a ɗauki faifai ɗaya a zauna da shi mako guda, maimakon a bar manhaja tana jefo kiɗa daga nan da can, domin faifan wannan salo a jere ake tsara shi, ƙarshen wani kiɗan yana zama farkon na gaba.

A ina ake samun sa a Saudiyya, kuma ana kaɗa shi a fili?

Samun sa a waya ba wahala. Spotify ta fara aiki a ƙasar tun 2018, ga Anghami da YouTube, ga kuma Bandcamp inda ake sayen faifai kai tsaye daga hannun makaɗa ko kamfaninsu. Bin sunayen kamfanoni irin su Sargent House da Neurot da Southern Lord da Pelagic ta Berlin yana saurin kai mutum ga sababbin ƙungiyoyi fiye da bin shawarar manhaja.

Wasan fili kuwa al'amari ne da ya canza cikin 'yan shekaru. An kafa Hukumar Nishaɗi a 2016, bikin Soundstorm ya fara a Riyad a 2019, kuma a Disamba 2023 Metallica ta hau dandalinsa, abin da a da ba ya ko faɗuwa. Ƙungiyoyin metal na cikin gida, irin su Wasted Land ta Jidda, waɗanda suka daɗe suna kiɗa a keɓe, yanzu suna fitowa fili. Amma manyan tarukan post-metal a Turai suke: dunk!festival a Beljiyam, Roadburn a Tilburg ta Holan, da ArcTanGent kusa da Bristol a Ingila. Dukansu suna buƙatar biza da guzuri mai kauri, don haka ga yawancinmu bidiyon wasannin ne mafita.

Yaya ya kamata a saurare shi, kuma akwai haɗari ga kunne?

Lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, kuma rabin kiɗan a can yake, don haka wanda ya gwada shi a haka ya ce bai ji komai ba, gaskiya ya faɗa. Abin kunne mai rufe kunne duka ko lasifikar mota mai kyau su ne mafi ƙarancin abin da ake buƙata.

Haɗarin yana cikin tsarin kiɗan kansa. Farkon yakan yi sanyi, sai mutum ya ƙara sauti don ya ji, ya manta, sannan bugun ya faɗo a kan kunnen da aka buɗe wa ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 har sa'a 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Dabara mai sauƙi ita ce a tsallaka zuwa wuri mafi ƙarfi a kiɗan, a daidaita sauti a can, sannan a dawo farko. Idan kunne yana ƙara bayan an cire abin sauraro, an wuce gona da iri. A kuma tuna cewa sautin bes yana ratsa bangon shiƙƙa, wato gidan haya na bene, fiye da kowane sauti, kuma ƙa'idojin ɗa'ar jama'a da aka fitar a 2019 sun sa tara a kan ƙure kiɗa a unguwar zama da kunna shi a lokacin kiran salla.

Wasu na cewa duk iri ɗaya ne: sanyi, zafi, sanyi, zafi. Haka ne?

Akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Bayan nasarar Isis da Pelican, ƙungiyoyi da yawa sun ɗauki tsarin kamar awo: jita mai amsa-kuwwa minti uku, ganga ta shigo, a taka fedar kaushi, a rufe. Idan mai sauraro ya iya faɗin daƙiƙar da bugun zai zo tun a jin farko, jinkirin da aka yaba a amsar abin da mai son metal yake samu ya tashi a banza. Rashin mawaƙi yana ƙara tona wannan asiri, tunda murya mai kyau takan ceci kiɗa mai rauni, a nan kuwa babu mai ceto.

Gwanayen ana gane su ne da yadda suke karya tsammani. Wani kiɗan zai fara da cikakken nauyi ya ƙare a sanyi, wani zai yi ta hawa ya ƙi fashewa, wani kuma gangar ce za ta sauya tafiya a ƙarƙashin rif ɗin da bai canza ba. Pelican ma ta gajarta kiɗanta a City of Echoes na 2007, ta bar dogon gini ta koma ga rif kai tsaye.

Ina koyon jita. Me nake buƙata don in fara irin wannan kiɗa?

Kayan farko ba su da yawa: jitar lantarki kowace iri, ƙaramar amfilifaya ko manhajar kwamfuta mai kwaikwayonta, fedar kaushi, fedar amsa-kuwwa, da fedar naɗi idan aljihu ya yarda. Ka sauke tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, zuwa D, wanda zai ba ka damar danna tsirkiyoyi uku na sama da yatsa ɗaya ka sami sauti cikakke. Salon ba ya neman saurin yatsa, amma yana neman riƙe lokaci sosai, kuma kaɗawa a hankali ba tare da gaggawa ba ta fi wuya fiye da yadda ake zato, don haka ka yi atisaye da na'urar ƙidayar bugu tun daga ranar farko.

Abokin da ya fi muhimmanci ka nema shi ne mai ganga, saboda dalilin da aka bayyana a amsar kaurin sauti. Wurin atisaye kuma shi ne matsalar kowa a gidajen haya; wasu sukan haɗa kuɗi su kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari na 'yan sa'o'i, wasu su sayi gangar lantarki wadda ake ji ta abin kunne. Ku riƙa naɗar kowane zama da waya, ku saurara washegari, ku yanke duk inda ku da kanku kuka ƙosa kafin bugun ya iso.